Injin Ɓarar Gyaɗar Malam Haliru

Malam Haliru maƙwabcina ne a Bungudu, katanga ɗaya ce ta raba gidajenmu. Mutumin Tsafe ne. Can aka haife shi, can ya yi karatun allo da firamare, can kuma ya koyi tuƙi. Shekara ashirin da shida ya yi yana jan babbar mota, yana kwasar hatsi daga kasuwar Tsafe zuwa Gusau, wani lokaci har kudu. Aure ne ya kawo shi garinmu, don matarsa Asiya 'yar Furfuri ce, nan kusa da mu, kuma ba ta son yin nisa da iyayenta. Da gwiwarsa ta dama ta fara ciwo, har taka birki ya zame masa aiki, sai ya miƙa wa mai mota makulli ya dawo gida. A lokacin bai cika sittin ba.

Zaman gida bai karɓe shi ba. Mutum ne da hannunsa ba ya son hutu. Cikin wata biyu ya gyara duk abin katako da ke gidan, ya liƙe rufin ɗakin girki, ya yashe kwata. Abin ƙarfe ne kawai ya gagare shi. In ƙyauren garken awaki ya ɓalle, sai an ɗora shi a amalanke an kai wa mai walda a bakin titi, a yi kwana uku ana sintiri. Karo na uku da ƙyauren ya sake ɓallewa a wuri ɗaya, sai ya ce shi ma zai koyi walda, ba don ya buɗe shago ba, don gidansa kawai.

Yana da wanda zai tambaya. Alhaji Mas'udu abokinsa ne tun suna yara a Tsafe, allo ɗaya suka yi, shi ne ma babban abokin ango ranar auren Haliru. Mas'udu ya daɗe da komawa Gusau, yana da babban shagon walda inda ake ƙera ƙofofi da tagogi da gadaje. Duk shekarun da Haliru ya yi yana tuƙi, in ya sauke kaya a Gusau, a shagon nan yake cin abincin rana.

Da Haliru ya same shi a shago da maganar, Mas'udu ya yi dariya, amma bai hana shi ba. Ya miƙa masa garkuwar fuska da sandar walda irin wadda suke aiki da ita a shago, ya ce ya gwada. Haliru ya kai sandar jikin ƙarfe, ta manne. Ya fizge, ya sake kaiwa, ta sake mannewa. Hannunsa yana ɗan rawa, abin da sitiyari ya bar masa.

"Bar ta haka nan," in ji Mas'udu. "Wagga sai wanda ya fara tun yana yaro. Akwai wasu ƙananan injuna da suka shigo yanzu, su ke tura waya da kansu. Kai dai ka danna kunama ka bi layi. Tashi mu je kasuwa."

Haliru ya riga ya sayar da ɗaya daga cikin ragunan da yake kiwo saboda wannan. Suka shiga layin masu sayar da kayan wuta. Mai shagon ya sauko musu da injuna uku. Na farko babba ne, sai da tukunyar gas yake aiki. Mas'udu ko taɓa shi bai yi ba.

"Wanga sai ka riƙa yawo da tukunya kana neman gas. Ranar da ta ƙare, aikinka ya tsaya."

Na biyu ja ne mai ƙyalli, da ɗan allo mai nuna lambobi. Shi Haliru ya so. Mas'udu ya buɗe murfin gefensa ya leƙa, ya tambayi mai shago ko yana da ɗan bakin tagullar da waya ke fitowa ta ciki, wanda ake canzawa in ya cinye. Mai shago ya ce sai an aiko daga Kano. Mas'udu ya mayar da murfin ya rufe.

Na uku baƙi ne, ƙarami, ba shi da kyan gani, mutum zai iya ɗaukarsa da hannu ɗaya kamar galan ɗin mai. Abin murɗawa biyu ne kawai a gabansa, ɗaya na zafi, ɗaya na gudun waya. Wayar da yake ci tana da wani gari a cikinta, don haka ba ruwansa da gas, kuma ana samunta a shaguna da dama a Gusau. Mas'udu ya tambayi Haliru girman janaretansa, ya ce zai ja shi in ba a ƙure zafi ba. Ya sa aka jona injin a nan shagon, ya haɗa guntayen ƙarfe biyu, ya buga su da ƙasa, ba su rabu ba.

"Shi za ka ɗauka. Ba zai haɗa maka gadar mota ba, amma duk abin da ke cikin gida zai yi."

Haliru ya sha gaya mini cewa ranar nan Mas'udu ya yi masa abin da ɗan'uwa ke yi. Ya rufe aikinsa na yini guda, ya raka shi har tasha da injin a hannunsa.

Koyon bai zo da sauƙi ba, ni shaida ne, don ta saman katanga nake jin komai. Makon farko duk farantin ƙarfen da ya taɓa sai ya huda shi, saboda ya cika zafi. Ya rage zafi, sai waldar ta riƙa taruwa ƙulu-ƙulu a sama ba ta shiga jikin ƙarfe. Wata rana wayar ta cukurkuɗe a cikin injin kamar sheƙar tsuntsu, ya yi rabin yini yana warwarewa. Wata ranar kuma ya ɗage garkuwar fuska don ya ga layi sosai, washegari ya tashi ido jajir yana hawaye, ya ce ji yake kamar an zuba masa yashi. Daga nan bai sake ɗagewa ba. Da injin ya ɗauke yana tsakiyar aiki, wata 'yar fitila ta kama, hankalinsa ya tashi, ya kira Mas'udu a waya.

"Zafi ya yi, hutu yake so," in ji Mas'udu. "Ba shi minti goma. Kuma ka riƙa kankare tsatsa kafin ka fara, har wurin da kake maƙala ɗaya wayar a jikin ƙarfen. In ka ji ƙararsa kamar ana suyar ƙosai, to ka daidaita shi. In ka ji yana tari, da saura."

Bayan wata uku, ƙarar suyar ƙosan nake ji kullum da hantsi. Ya haɗa ƙyauren garke, bai sake ɓallewa ba. Ya yi wa Asiya murhu mai ƙafa uku, ya yi kujerun tsuguno, ya gyara mini ƙofar gidana da ta shekara tana jan ƙasa. Waldarsa ba ta da kyan gani kamar ta shago, akwai ɗige-ɗigen tartsatsi a gefe, amma tana riƙewa.

Asiya sana'arta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Gyaɗa mai ɓawo take saro wa daga manoman Furfuri, ta ɓare da hannu, don injin ɓara na haya da ke kasuwa yana farfasa ƙwayar, kuma sai an yi layi. Duk kaka yatsunta sukan tsattsage har su yi jini, ta shafa man kaɗanya ta ci gaba. Shekarun da Haliru yake kan hanya bai taɓa lura ba. Da ya zauna gida ya gani, sai ya ce zai yi mata inji.

Wata huɗu ya yi a kansa. Na farko ya niƙe gyaɗar ta zama gari. Na biyu ya ƙi ɓarewa, sai dai ya yi ta juya ta. Ya yanke, ya sake haɗawa, ya sake yankewa. A ƙarshe ya samo tsohuwar tayar mota, ya yanka ta siri-siri, ya ɗaura a jikin gangar da ke juyawa, don roba ta murje ɓawon ba tare da ta fasa ƙwaya ba. A ƙarƙashin gangar ya sa raga ta rodi. Ragar bai yi mata walda ba, ya bar ta a kan dogayen ƙusoshi biyu masu noti, yadda za a iya ɗaga ta ko a sauke ta gwargwadon girman gyaɗar. Hannun juyawa kuwa fedar tsohon keke ce. Ranar da ya yi daidai, Asiya ta ɓare buhu guda tsakanin azahar da la'asar. Matan unguwa suka yi ta shigowa kallo. Na ga Haliru tsaye a gefe yana goge hannu da tsumma, ya kasa rufe baki.

Ana cikin kakar gyaɗa Mas'udu ya zo ta'aziyya Furfuri, ya biyo ta gidan. Haliru ya ja shi har tsakar gida ya nuna masa injin ɓarar. Ina wurin. Mas'udu ya zagaya injin sau biyu, ya durƙusa ya leƙa ƙasansa, ya juya hannun, ya ɗebi ƙwayar da ta zubo yana dubawa ɗaya bayan ɗaya.

"Da ɗan injin waldar nan ka yi wanga?"

"Da shi," in ji Haliru. "Hannun Asiya ne ya dame ni. Da ka ga yadda yatsunta ke yi."

Mas'udu ya ce akwai wata ƙungiya mai tallafa wa mata manoma da za ta yi baje kolin kayan aikin gona a Gusau. Ya ce a ba shi injin ya kai shago, ya goge waldar, ya yi masa fenti, ranar taron sai Haliru ya zo ya tsaya kusa da abinsa ya yi wa mutane bayani. Asiya ta yi magana daga bakin ɗakin girki.

"Alhaji, gyaɗa ce jibge a ɗaki. Ba a bari kaka ta wuce?"

"Kwana biyar kawai, Hajiya. Ni da kaina zan dawo miki da shi."

Haliru ne ya taimaka aka ɗora injin a bayan motar Mas'udu, ya ɗaure shi da igiya irin ɗaurin direbobi.

Kwana biyar suka wuce. Haliru ya kira, aka ce fenti bai bushe ba. Bayan mako biyu aka ce an ɗage taron. Daga baya wayar ta koma sai ta yi ta ƙara ba a ɗauka. Haliru bai kawo komai a ransa ba, yana cewa Alhaji aiki ne ya yi masa yawa. Asiya ta koma ɓara da hannu.

Wata Laraba bayan la'asar muna zaune a ƙofar gidansa, rediyo na gefe ana shirin manoma. Sai mai gabatarwa ya ce yana tare da wani mai walda a Gusau wanda ya ƙirƙiro injin ɓarar gyaɗa da ba ya fasa ƙwaya, har ƙungiya ta ba shi aikin ƙera guda arba'in don a raba wa mata a ƙauyuka. Muka ji muryar Mas'udu. Ya ce shekara biyu ya yi yana tunanin abin. Ya ce dabarar sa tayar mota ta zo masa ne wata rana yana zaune a shago. Da aka tambaye shi abin da ya sa ya fara, sai ya ce yatsun mahaifiyarsa yake tunawa, yadda suke tsattsagewa duk kaka.

Na kai hannu zan kashe rediyon, Haliru ya riƙe ni. Ya saurara har ƙarshe, har aka sa kiɗa. Yana jira ne ya ji sunansa, ko da a jimla ɗaya. Bai ji ba.

"Innar Mas'udu fura take sayarwa," abin da ya ce ke nan. "Ban taɓa ganinta da gyaɗa ba."

Washegari ya shiga motar Gusau, ya ce in raka shi. A gaban shagon mun tarar da ganguna jere, an ɗaura musu yankakkiyar taya. A ciki kuma ga injin Haliru a kan tebur, an yi masa koren fenti, an goge ɗige-ɗigen waldar, an liƙa farantin ƙarfe a gaba mai ɗauke da sunan Mas'udu da na shagonsa. Fedar keken tana nan. Mas'udu ya fito, ya gaishe mu, ya sa aka kawo benci. Haliru bai zauna ba.

"Na ji ka a rediyo."

"Ina nan ina shirin zuwa in yi maka bayani," in ji Mas'udu. "Haliru, mutanen ga da shago mai rajista suke hulɗa. Kai ba ka da shago, ba ka da takarda. Da na ce musu direba ne ya haɗa shi a tsakar gida, ko kallonsa ba za su yi ba."

"Da ka gaya mini. Da ka ce, Haliru ga yadda abin yake, ka san ba zan hana ka ba."

"To ai abin duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Mi ya kawo Inna cikin maganar?"

Mas'udu ya kawar da kai, ya dubi titi. Da ya juyo muryarsa ta canza.

"Kai ma ka yi wa Allah ka tuna. Wa ya zaɓa maka injin walda? Wa ya koya maka riƙe shi? Shekara ɗaya da ta wuce ko sanda ba ka iya kunnawa."

Haliru ya ce a ba shi injin Asiya ya tafi da shi. Mas'udu ya ce ba zai yiwu ba yanzu, shi ne samfurin da ƙungiya ta gani, da shi za a gwada sauran, in an gama zai aiko. Muka fito. Da muka sauka daga mota a Bungudu ya ce gwiwarsa tana ciwo, in riƙe masa hannu.

Wata biyu ban ji ƙarar walda ta saman katanga ba. Ya naɗe wayoyin injin, ya rufe shi da buhu a zaure. Na ce mu je gidan rediyon mu faɗi gaskiya, ga shaidu unguwa guda. Wasu suka ce a kai maganar gaban manya a Tsafe. Ya ƙi duka.

"In je in tsaya gaban mutane in ce Mas'udu ya cuce ni? 'Ya'yansa Baba suke ce mini. Bakina ba zai iya ba."

Ya rame a watannin nan. Ya rage fitowa hira. Asiya ta gaya wa matata cewa yakan zauna da abinci a gabansa har ya huce. Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta tuna masa cewa ta so a bari kaka ta wuce ba. Wata safiya dai ta ɗauko buhun da ya rufe injin da shi, ta ninke, ta ajiye a gabansa.

"Malam, ni ba ruwana da rediyo. Inji nake so. Wanda ya yi na farko yana nan zaune."

Na biyun mako uku ya ɗauke shi, ya kuma fi na farko sauƙin juyawa. Bai yi masa fenti ba.

Bayan an raba injunan Mas'udu a ƙauyuka, kakar da ta biyo baya sai ƙorafi ya fara fitowa. A wasu wuraren suna aiki, a wasu kuwa suna farfasa gyaɗa, musamman inda ake noma mai manyan ƙwaya. Matan suka fara jingine su. Wata Asabar da hantsi motar Mas'udu ta tsaya a ƙofar gidan Haliru. Haliru ya shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya kawo ruwa, suka gaisa kamar baƙi. Ya aika a kira ni, ina jin ba ya son su zauna su biyu.

Mas'udu ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Haliru ya tambaye shi yadda suka yi da ragar ƙasa.

"Mun yi mata walda. Na ga ka bar ta a kan noti, na zaci ba ka ƙarasa ba ne."

"Na ƙarasa," in ji Haliru.

Ya ɗauko ɗan tsinke, ya zana gangar da ragar a ƙasa, ya nuna masa inda za a yanke waldar, da tsawon ƙusoshin, da yadda mace za ta gwada da ƙwaya biyar kafin ta zuba kwano guda. Bai ɓoye komai ba. Mas'udu ya ɗauki hoton zanen da wayarsa. Ya ce in Haliru yana so, ya zo shago ya riƙa duba aikin, ba zai rasa abin sakawa a aljihu ba. Haliru ya ce gwiwarsa ba ta son hanya. Mas'udu ya ɗan jima yana juya makullin mota a hannu, na zaci zai ce wani abu. Sai ya ce a gaida Hajiya, ya tashi.

Da motar ta tafi na kasa haƙuri, na tambaye shi don me ya gaya masa.

"Matan da aka ba injunan ba su yi mini komai ba," in ji shi. Ya goge zanen da tafin ƙafa. "Ka san abin da ke damuna? Shekara hamsin muna tare. Ina ta lissafin baya, ina neman ranar da ya fara ganina a matsayin wanda za a yi wa haka. Na kasa gano ta."

Injin farko bai dawo ba har yau. Sun haɗu sau ɗaya tun daga nan, a jana'izar wani malaminsu na allo a Tsafe. Sahu ɗaya suka tsaya. Bayan an idar suka yi musabaha, kowa ya tambayi iyalin kowa, sannan kowa ya nemi motarsa.

Haliru ya haɗa wa mata huɗu na unguwarmu irin injin Asiya, su suka kawo ƙarfe da tsohuwar taya. In baƙo ya gani ya ce ai irin na Alhaji Mas'udu ne na Gusau, Haliru yakan ce e, irinsa ne, ya ci gaba da abin da yake yi. Kwanakin nan ƙarfen dafa hannu yake haɗawa na matakalar masallacinmu, saboda tsofaffin da hawa ke ba wuya, shi ma yana cikinsu. Ya auna, ya yanka bututun, saura haɗawa. Liman ya roƙe shi ya gama kafin azumi.